Taku Goma Ma Tafiya Ce: Jan Hankali Ga Masu Murmurewa Da Masu Jinya



A zangon karatun da ya gabata mun je duba wani abokin aikinmu da hawan jini ya kayar, ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Muka tarar da shi zaune a zaure bisa tabarma, fuskarsa cike da fara'a. Bayan gaisuwa sai ya ce mu dakata mu gani. Ya sa aka miƙo masa cokali, ya riƙe shi da hannun da ya shanye, ya ɗaga a hankali, hannun na karkarwa, har ya kai shi baki. Ya dube mu yana jiran abin da za mu ce. Sai ɗaya daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Allah sarki, Malam, ashe har yanzu da saura. To yaushe ke nan za ka iya riƙe alli?" Nan take na ga fara'ar ta gushe daga fuskarsa. Ya ajiye cokalin a gefe, bai sake taɓa shi ba har muka yi sallama.

Daga baya ɗansa ya shaida mini cewa makonni 7 mahaifin nasa ya yi yana fama kafin cokalin nan ya isa bakinsa. Aikin makonni 7 muka rushe da magana guda. Wannan ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, a cikin abubuwan da ke hana majinyatanmu komawa kan ƙafafunsu, raina ƙaramin sauƙi yana sahun gaba, kuma mu malamai, da muka fi kowa sanin yadda ake gina ilimi baƙi bayan baƙi, bai kamata a same mu da wannan kuskure ba.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. Shekaru 3 da suka wuce, cikin damina, babur ya zame da ni a kan hanyar makaranta, ƙwaurina na hagu ya karye. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe, na yi makonni ban taka ƙasa da ƙafar ba. A lokacin da nake kwance na ɗauka da zarar ƙashin ya haɗe shi ke nan, zan miƙe in ci gaba da harkokina. Ranar da likita ya duba hoton ƙashi ya ce in fara taka ƙafar kaɗan-kaɗan, na miƙe da murna. Abin da na gani ya tsorata ni. Cinyata ta hagu ta rame, ta zama kamar ba tawa ba, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, kuma daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki, taku goma kacal, na jiƙe sharkaf da gumi, zuciyata na bugawa kamar wanda ya yi tsere. Ni da nake yini a tsaye gaban yara fiye da 80, na kasa isa tsakar gida. A daren nan na ce wa maiɗakina ina jin aikin koyarwa ya ƙare mini.

Likitan gashin ƙashi ne ya fara warware mini abin da ke faruwa. Ya ce tsoka tana rayuwa ne da aiki. Idan aka ajiye ta ba ta motsi, cikin 'yan kwanaki take fara zubewa, gaɓoɓi su ƙage, zuciya da huhu ma su saba da zaman banza. Daga baya na karanta labarin wani gwaji da ya ƙara tabbatar mini da haka. A shekarar 1966, a birnin Dallas na ƙasar Amurka, masu bincike sun kwantar da samari 5 lafiyayyu, 'yan shekara 20, a gado na tsawon makonni 3. Da suka tashi aka auna su, sai aka tarar ƙarfin jikinsu na amfani da iska wajen aiki mai nauyi ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Bayan shekaru 30, a 1996, aka sake auna waɗannan mutane suna 'yan shekara 50, aka gano cewa kwanciyar makonni 3 ta fi raunana su fiye da tsufan shekaru 30. Amma ga inda albishir yake: bayan kwanciyar, samarin sun yi makonni 8 suna motsa jiki bisa tsari, ƙarfinsu ya dawo, har ya zarce yadda yake da farko.

Darasi biyu na ɗauka daga nan. Na farko, raunin da majinyaci ke ji bayan doguwar kwanciya ɗabi'ar jiki ce, babu lalaci ko ragwanta a cikinsa. Idan samari 'yan shekara 20 masu cikakkiyar lafiya sun yi laushi haka, ina ga malami ɗan shekara 45 da ya sha tiyata ko ya yi fama da taifot mai tsanani? Na biyu, abin da ya zube yana dawowa, sai dai da ƙofa ya fita, ta kafar allura yake komowa. Jiki ba ya karɓar umarni, horo yake karɓa. Nauyin da ka ɗora masa yau, idan ya ɗan ɗara na jiya kaɗan, sai ya ƙara gina tsoka don ya iya ɗauka. Idan ka ɗora masa na wata guda a rana ɗaya, sai ya karye. Haka abin yake ga mai shanyewar ɓarin jiki: ƙwaƙwalwa tana sake koyon sarrafa hannu da ƙafa ne ta hanyar maimaici, sau ɗari, sau dubu. Kowane ɗaga cokali darasi ne da ƙwaƙwalwa ke ɗauka.

Da na fahimci haka sai kunya ta kama ni, domin wannan ai ita ce sana'ata. Wanda ya taɓa riƙe aji ɗaya ya san cewa yaro ba ya shigowa ranar Litinin ya karanta wasiƙa ranar Juma'a. Da riƙe fensir ake farawa. Sai jan layi, sai zagaye, sai wasali, sai baƙi, sai a haɗa baƙi da wasali a samu gaɓa, a haɗa gaɓoɓi a samu kalma. Ranar da yaron da ke rubuta "b" a madadin "d" ya bambance su, muna sa aji ya tafa masa. Ba mu taɓa ce masa, "To sai me, tun da ba ka iya rubuta insha'i ba?" Mun san tafin nan shi ne zai dawo da shi gobe da ƙwazo. Muna da rajistar auna fahimta inda muke rubuta maki ɗaya-ɗaya tun daga makon farko, saboda mun yarda cewa sakamakon ƙarshen zango tarin ƙananan nasarori ne. To me ya sa idan jinya ta zo kanmu ko kan ɗan'uwanmu muke watsar da wannan ilimi, mu ce ko dai a warke sarai ko kuma ba a samu komai ba?

Sai na yi wa kaina abin da nake yi wa ɗalibaina. Na sa aka sayo mini littafin rubutu, na ja layuka kamar na rajista: kwanan wata, abin da na yi, da yadda na ji. Shafin farko yana cewa taku 10 da sanduna biyu. Bayan mako guda ya zama zagayen tsakar gida sau 2. Sai zuwa ƙofar gida. Sai na ajiye sanda ɗaya. Sai ranar da na isa masallacin unguwa da ƙafata, tafiyar da a da ba ta kai mini minti 3 ba, ranar ta ci mini kusan 15. Akwai kwanakin da ƙafar ta kumbura na koma baya, su ma na rubuta su. Amfanin littafin ya bayyana ne a ranakun da zuciya ta karaya. Idan shaiɗan ya raya mini cewa ba na ci gaba, sai in buɗe shafin wata guda da ya wuce in ga inda nake a lokacin. Mutum yana saurin manta zafin jiya, yana kuma auna kansa da yadda yake kafin ciwo. Littafin ya koya mini in auna yau da makon jiya.

Babu ma'aunin da ya fi taɓa zuciyata kamar salla. Addininmu ya sauƙaƙa wa mara lafiya: wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kishingiɗe. Na bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Na yi salla a kan gado, na yi a kan kujera, na dawo ina tsayuwa da ruku'u amma in zauna a kujera wajen sujada. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa bayan watanni, na daɗe ban ɗago ba. Zaman tahiya kuwa, wanda ke buƙatar gwiwa ta lanƙwashe sosai, shi ya zo a ƙarshe. Duk wanda ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne, bai taɓa rasa su ba.

Na san akwai masu ganin wannan magana tawa rarrashi ce kawai. Wani zai ce, idan aka riƙa yaba wa majinyaci a kan taku goma, ai sai ya gamsu ya zauna a nan. Wannan tsoro yana da tushe, domin akwai iyalan da tausayi ke sa su hana mara lafiya ko ɗaukar kofin ruwa, su yi masa komai, har jikin ya saba da zama. Amma a lura, yabon da nake nufi shi ne irin wanda muke yi a aji: a tafa wa yaro a kan "ba", sannan a rubuta masa "be" a allo. Yabo ne mai ɗauke da aikin gobe. A iya abin da na gani, waɗanda suka daina ƙoƙari ba yabo ne ya lalata su ba. Fid da rai ne ya zaunar da su, bayan sun yi ta fama babu wanda ya lura.

Wani kuma zai ce, "Malam, wannan maganar mai hali ce. Ni albashina nake jira, yara na jiran abinci, ajina babu kowa. Ina na ga lokacin sannu-sannu?" Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Na san yadda ake kwana ana lissafin kuɗin magani da na makarantar yara. Na san nauyin da malami ke ji idan ya tuna abokin aikinsa ya haɗa aji biyu saboda shi. Ni kaina na faɗa wannan tarko. Da na ga na fara tafiya babu sanda, sai na hau babur na tafi makaranta ba tare da izinin likita ba, na yi yini a tsaye. Washegari gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, na koma kan sanda na ƙarin makonni 3. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, ni kuwa na ga haihuwar da idona. Don haka talaucinmu hujja ce ta bin sannu, domin mai hali yana iya biyan kuɗin jinya sau biyu, mu ba za mu iya ba.

Mu kuma dubi gaba kaɗan. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a inda aka fara aiki da ita. Ma'ana, malamin da ke cikin shekarunsa na 40 yana iya samun kusan shekaru 20 a gabansa na tsayuwa gaban allo. Ƙafar da za ta ɗauke shi waɗannan shekaru, da bayan da zai sunkuya da shi yana duba littattafan yara, sun cancanci a ba su watanni 3 ko 6 su gyaru da kyau. Wanda ya yi rowar watanni zai iya biya da shekaru.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa a cikinmu za su tuna Nwankwo Kanu. A 1996 ya jagoranci 'yan wasan Najeriya suka ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta Atlanta. Bai daɗe da komawa ƙungiyar Inter Milan ta Italiya ba likitoci suka gano yana da matsala a zuciya, aka yi masa tiyata a Amurka a ƙarshen shekarar. Mutane da dama sun ɗauka wasa ya ƙare masa. Ya yi watanni ba ya buga ƙwallo. A 1999 ya koma Arsenal, a shekarar ya zura ƙwallaye 3 a ragar Chelsea cikin kusan minti 15 na ƙarshen wasa, kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka karo na biyu. Duniya ta ga ƙwallayen, amma ba ta ga ranar da ya fara sauka daga gadon asibiti ba. Duk wanda aka buɗe wa ƙirji, ko zakaran duniya ne, da zama a bakin gado yake farawa, sannan 'yan taku a barandar asibiti. Ba shi da wata hanya ta daban da tamu.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Kai ɗan'uwa mai murmurewa, ko daga karaya, ko tiyata, ko shanyewar ɓarin jiki, ko doguwar rashin lafiya, da ke 'yar'uwa malama da aka yi wa aiki wajen haihuwa, ku fara da tambayar likita abin da ya halatta ku yi da wanda bai halatta ba, kuma ku nemi a tura ku sashen gashin ƙashi idan akwai buƙata. Manyan asibitocinmu na koyarwa da na ƙashi, irin su na Dala a Kano, suna da wannan sashe, haka ma asibitocin jiha da dama. Ku ɗauki buri ƙarami wanda za a iya ƙirgawa: tashi daga kujera sau 5 ba tare da dafa komai ba, ko tafiyar minti 5 bayan sallar Asuba kafin rana ta yi zafi. Ku rubuta. Idan mako ya zagayo jiki bai yi ƙorafi ba, ku ƙara kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar tafiya da ɗan sauri ta minti 30 a kwanaki 5, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Amma hukumar da kanta ta ce kaɗan ya fi babu, kuma a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Minti 150 can ne aka nufa, ba daga can ake tashi ba. Ku kuma san alamun tsayawa: ciwon ƙirji, jiri, numfashi ya sarƙe fiye da kima, kumburi da zafi a sha-raɓa, ko baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Waɗannan ba a yi musu jarumta, asibiti ake nufa nan take. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya ajiye maganinsa don ya ga ya fara tafiya.

Ku kuma iyalai, matanmu da mazajenmu da 'ya'yanmu, ku ne kuka fi kowa lada, ku ne kuma kuka fi kowa tasiri. Ku bar majinyaci ya yi abin da zai iya da kansa, ko da zai ɓata lokaci, ko da zai zubar da kunu a riga. Ku tsaya kusa don kada ya faɗi, amma kada ku karɓe masa aikin. Kuma ku riƙa faɗa masa abin da kuka lura da shi dalla-dalla. "Abba, yau ka ɓalle maɓallin rigarka da kanka" ta fi "Allah ya ƙara sauƙi" sau goma shiga zuciya, ko da yake addu'ar ma ba a barin ta.

Mu masu zuwa dubiya, mu gyara harshenmu. Mu daina ba majinyaci labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe, ko wance da ta warke cikin mako biyu a wurin wani mai magani. Jikin kowa daban ne, kamar yadda fahimtar yara ta bambanta a aji guda. Maimakon "Yaushe za ka dawo?" mu tambaye shi, "Me ka iya yi a makon nan wanda ba ka iya ba a wancan?" Za ku yi mamakin yadda fuskarsa za ta washe.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin makarantu da shugabannin wannan reshe na ƙungiyarmu. Tsakanin kwanciya a gida da ɗaukar cikakken aiki akwai matakala, kuma ya kamata mu gina ta. Malamin da ya dawo daga jinya a ba shi aji mafi kusa da ofis, a sa masa kujera mai kyau, a ɗauke masa tsayuwar taron safe da aikin sintiri na ɗan lokaci, a rage masa darussa a makonnin farko, a kuma ba shi damar zuwa ganin likitan gashi ba tare da an ɗauke shi mai gudun aiki ba. Yawancin waɗannan ba sa cin ko kwabo, fahimta kawai suke buƙata. Ina ba da shawarar reshenmu ya tattauna wannan a zamansa na gaba, ya kai shi gaban sakataren ilimi a rubuce, domin kada abin ya dogara ga kirkin hedimasta kaɗai. Kwamitin walwala kuma ya duba yiwuwar sayen sandunan dogarawa da keken majinyata ko da guda biyu ne, a riƙa ba mambobi aro. Gudummawar da muke haɗawa idan ɗan'uwa ya kwanta abar yabo ce, sai dai mun fi zuwa a makon farko, lokacin da gida ke cike da jama'a. A wata na uku, sa'ad da ƙafa ta ɗauke kuma majinyaci ya fara gajiya da atisaye, a nan ne aka fi buƙatarmu.

Na koma gidan abokin aikin nan namu bayan mako biyu, ni kaɗai, da littafin rubutu sabo da fensir mai kauri irin na 'yan aji ɗaya. Na ba shi labarin taku gomana. Ya yi dariya, ya karɓi fensirin da hannun dama, ya ja layi ɗaya a karkace daga sama zuwa ƙasa. Muka rubuta kwanan wata a gefensa. A ziyarata ta baya-bayan nan ya nuna mini shafin da ya rubuta sunansa, baƙaƙen manya-manya suna hawa da sauka kamar na ɗan sabon shiga. Bai kai ga riƙe alli ba tukuna, kuma Allah kaɗai ya san ranar. Amma shafukan da ya cika sun kai 14.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya mai ɗorewa, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya kuma ba mu haƙurin da za mu bi su da shi taku bayan taku. Amin.